Bas a Amurka, giwan ruwa a Dadin Kowa: yadda halin ruwa ke sauya dabarar fatsa

A watan Afrilun bara wani ƙanena ya matsa mini sai na raka shi madatsar ruwan Dadin Kowa da ke jihar Gombe. Ya sayi sandar fatsa irin ta Turawa mai abin naɗe zare, da wani ɗan akwati cike da kifayen roba kala-kala, bayan ya shafe watanni yana kallon bidiyon Amurkawa masu kamun wani kifi da suke kira bas. A bidiyon da ya fi so an ce Afrilu ne watan da manyan kifaye suke fitowa gaɓa, har mutum ya gan su da idonsa a ruwan da bai kai ƙugu ba. Muka isa da hantsi, muka tsaya a wani wuri mai yashi, ya yi ta jifa yana naɗewa har la'asar, ko taɓa ƙugiyar ba a yi ba. Wani dattijo da ke ɗinkin kallinsa a inuwa kusa da mu ya gaji da kallonmu, ya ce, "Samari, me kuke nema a nan da wannan rana?" Ƙanena ya ce, "Giwan ruwa, Baba." Dattijon ya ce masa ya tsoma hannu a ruwan. Da ya tsoma ya ce da ɗumi, kamar wanda aka sirka don wanka. Sai dattijon ya ce, "To, kai da kake da inuwa ka gudu cikinta, shi da yake da zurfi zai tsaya jiranka a nan?"

Mai bidiyon bai yi ƙarya ba, kuma dattijon ma gaskiya ya faɗa. Bambancin shi ne Afrilun Amurka da Afrilun Gombe suna ne kawai ya haɗa su. Kifi bai san sunan wata ba. Abin da ya sani shi ne ɗumin ruwan da yake ciki, da yawan iskar da zai shaƙa a cikinsa, da nisan da idonsa ke gani, da ko ruwan hawa yake ko janyewa, da kuma inda ƙananan kifayen da yake ci suka nufa. Wanda ya kwafi kalandar Amurkawa zai dawo gida hannu rabbana, amma wanda ya gane dalilin da ya sa suka tsara kalandar tasu haka zai iya tsara tasa a kan Gongola.

Shi wannan bas, musamman nau'insa mai faɗin baki, ɗan asalin gabashi da tsakiyar Amurka ta Arewa ne, kuma daga can aka ɗauke shi zuwa wasu ƙasashe, ciki har da Japan, da Afirka ta Kudu, da tafkin Naibasha na Kenya. Ba wani ƙaton kifi ba ne. Mafi girman da aka rubuta a tarihin fatsa shi ne wanda Joj Feri ya kama a jihar Jojiya a 1932, mai nauyin kilo 10 da 'yan kai, kuma sai a 2009 wani ɗan Japan ya kamo kwatankwacinsa a tafkin Biwa. Abin da ya sa ya zama sarkin kifayen wasa a can shi ne halinsa: mafarauci ne mai kwanton ɓauna, yana laɓewa a gindin kututture ko cikin ciyawa ko jikin dutse, ya zaburo ya haɗiye duk abin da ya gifta, ko da roba ce. A ruwanmu wanda ya fi kama da shi a wannan hali shi ne giwan ruwa, kifin da ake alfahari da shi a bikin Argungu, sai dai shi giwan ruwa yana iya kai tsawon mita biyu, kuma a tafkin Nasir na Masar an taɓa kama wanda ya haura kilo 100 da sanda da zare. Su biyun da ido suke farauta, su biyun suna son wurin laɓewa, kuma su biyun ba sa jure ruwan da iskarsa ta yi ƙaranci.

Tushen maganar gaba ɗaya shi ne jinin kifi ba ya riƙe ɗumin kansa kamar namu, yana bin ɗumin ruwa ne. Idan ruwa ya yi sanyi, narkewar abinci a cikinsa takan yi jinkiri, motsinsa ya ragu, ya daina bin abin da ke gudu. Idan ruwa ya yi ɗumi, jikinsa yakan buƙaci abinci da iskar oksijin fiye da da, kuma a nan ne matsalar take, domin ruwan ɗumi ba ya riƙe iska kamar na sanyi. Lita ɗaya ta ruwa mai ɗumin digiri 20 tana iya riƙe kimanin miligiram 9 na oksijin, amma a digiri 30 abin yakan sauko zuwa kimanin 7 da rabi. Wato daidai lokacin da kifi ya fi buƙatar iska, a lokacin ne ruwa ya fi yi masa rowarta. Duk mai kiwon tarwaɗa a bayan gida ya san alamar wannan, sai dai ita tarwaɗa tana da wata gaɓa a kanta da take shaƙar iskar sarari da ita, shi ya sa take rayuwa a taɓon da giwan ruwa ba zai kwana a ciki ba.

A Amurka shekarar mai fatsa tana juyawa ne a kan lokacin ƙwai. Idan sanyi ya wuce, ruwa ya fara ɗumi, bas yakan baro zurfi ya matso gaɓa yana ci babu ƙaƙƙautawa, kuma da ruwan ya kai wajen digiri 15 zuwa 18 sai namijin ya share wani gurbi a ƙasa mai tsakuwa ko yashi, macen ta zuba ƙwai, shi kuma ya tsaya gadi har 'ya'yan su ƙyanƙyashe su fara yawo. A wannan tsakanin ko ba yunwa yake ji ba, duk abin da ya faɗo gurbin zai cafke shi don ya kawar, kuma wannan ne abin da ƙanena ya gani a bidiyo. To giwan ruwa ba ya yin gurbi, ba ya gadin ƙwai. Macen tana sakin ƙwai masu ɗimbin yawa, suna yawo a ruwa, kowa ya kama gabansa. Bayan haka, ɗumin da bas ke jira kafin ya yi ƙwai, a manyan ruwayenmu kusan shi ne ƙarshen sanyin da ake samu a tsakiyar hunturu. Saboda haka babin da ya fi kowane girma a littafin Amurkawa ba shi da mazauni a wurinmu. Idan akwai mai gurbi a gaɓarmu, karfasa ce, kuma amfanin sanin haka ga mai neman giwan ruwa shi ne inda ƙananan karfasa suka taru, a gefen nan mai zurfi mafarauci yake jira.

Abin da ya dace da mu ƙwarai daga iliminsu shi ne babin zafi, domin abin da suke fuskanta a Yuli da Agusta shi muke fuskanta daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Gombe kan kai digiri 40. Ruwan ɗumi ya fi na sanyi rashin nauyi, don haka a tafki mai zurfi irin madatsar Dadin Kowa, idan rana ta daɗe tana dukan saman ruwa babu iska mai ƙarfi da za ta gauraya shi, sai ruwan ya kasu hawa-hawa: na sama mai ɗumi, na ƙasa mai sanyi, da wani siririn hawa a tsakani inda ɗumin ke faɗuwa farat ɗaya. Mai iyo da ya taɓa nutsawa ya ji ƙafarsa ta shiga sanyi alhali ƙirjinsa na cikin ɗumi ya taɓa wannan iyaka. Sabon shiga yakan ɗauka cewa tunda kifi sanyi yake nema, sai a ƙara darma a tura ƙugiya can ƙasa. Kuskure ne. Hawan ƙasa ya yanke hulɗa da iskar sarari, kuma ganyaye da itatuwa da duk abin da ya mutu ya nutse suna ruɓewa a can suna cinye ɗan oksijin da ya rage, har wani lokaci idan aka jawo anga ko igiya daga can a ji tana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Kifi mai farauta yana tsayawa ne a daidai saman iyakar nan, inda ruwa ya ɗan yi sanyi kuma iska ba ta ƙare ba, musamman inda iyakar ta ci karo da wani abu: gangaren dutse, tsohuwar hanyar kogi da madatsa ta shanye, ko bishiyar da ruwa ya binne tana tsaye. Amurkawa da na'urar duba zurfi suke gano wurin. Masuntanmu da ƙaramin kifi mai rai suke ganowa, domin idan aka saukar da shi ya dawo a mace cikin ɗan lokaci ba tare da rauni ba, an wuce iyaka, sai a ɗaga.

A bazara lokaci ma ya zama rabin dabara. Daga asuba zuwa fitowar rana, da kuma daga gab da magariba zuwa duhu, giwan ruwa yakan hau sama ya matso gaɓa, saboda ruwan ya huce kuma idonsa yana gani a ɗan haske fiye da idon abin da yake farauta. Amma a nan akwai wani tarko da ba kowa ke lura da shi ba. A lungun da ruwa ba ya motsi, ciyawa ta cika shi ko ya yi kore, tsirrai suna ba da oksijin da rana ne, da dare kuwa su ma shaƙa suke yi, don haka da asuba ne iska ta fi ƙaranci a irin wannan wuri. Asubar da ake nufi ita ce ta gaɓa mai dutse, mai kallon faɗin ruwa, inda igiyar ruwa ke bugawa, ko kuma ƙasan madatsa inda ruwan da aka saki yake tumbatsa yana kumfa, yana fitowa da ƙananan kifayen da suka jigata. Wannan wuri na biyu yana da albarka, yana kuma da haɗari, domin ana iya ƙara sakin ruwa mutum yana tsaye a kan dutse a tsakiya.

Da damina ta sauka sai lissafi ya juye gaba ɗaya, kuma a nan ne littafin Amurkawa ya fi gaza mana, domin a wurinmu hawan ruwa shi ne babban agogon kifi, ba ɗumi ba. Gongola tana tasowa daga tsaunukan Jos, ta ratsa ƙasar Bauchi, ta zagayo ta Nafaɗa kafin ta gangaro Dadin Kowa, ta wuce Kiri ta faɗa Binuwai a Numan, kuma duk jar ƙasar da ruwan sama ya wanke daga gonakin wannan doguwar hanya a cikinta take tahowa. Ruwa yakan yi ja, ya hau kan ciyawa da gonakin fadama, ya kwaso tana da gara da ƙwari. Yawancin kifayenmu a wannan lokaci suke ƙwai, tarwaɗa kuwa takan bi sabon ruwa har cikin ciyayi. Ga mai neman tarwaɗa ko ƙurungu ko ragon ruwa wannan lokacin arziki ne, domin su da gashin baki da ƙanshi suke neman abinci, tana ko hanjin kaza sun wadatar. Ga mai neman giwan ruwa da kifin roba kuwa wahala ce ninki biyu: kifin ya watsu a faɗin da ya ninka na rani, kuma ba ya ganin abin da aka jefa masa sai ya zo dab da hancinsa.

Duk da haka ba a naɗe hannu. Kifi yana da wani layi a gefen jikinsa, daga kai zuwa wutsiya, wanda yake jin girgizar ruwa da shi, kuma a ruwa mai laka da wannan layi yake farauta fiye da ido. Shi ya sa masu kamun bas, idan ruwa ya gurɓace, suke ajiye siririn kifin roba mai kama da na gaske su ɗauki mai faifan ƙarfe da ke juyawa, ko mai 'yan duwatsu a ciki da ke kaɗawa, su zaɓi baƙi wuluk ko launi mai ƙyalli sosai, su riƙa ja a hankali, su kuma jefa dab da kututture ko bakin ciyawa, har sau biyar ko shida a wuri ɗaya, domin kifin da ba ya gani nesa ba ya nisa da maɓoyarsa. Wannan ka'ida tana aiki a Gongola kamar yadda take aiki a Tekzas. Wuri mafi daraja a damina shi ne inda jan ruwan rafi ya haɗu da ruwan tafki da ya fi shi haske, har a ga layi ƙarara a tsakaninsu. Mafarauci yakan tsaya a ɓangaren da yake gani, yana jiran abin da zai fito a ruɗe daga cikin lakar. A ganina, idan ruwa ya yi ja ƙwarai, ƙaramar karfasa ko kawara mai rai da aka soke ta baya ta fi duk wata roba da aka yi oda daga waje, kuma ba na jin kunyar faɗin haka ga masu akwati.

Kaka ba ta buƙatar dogon bayani, domin ita ce lokacin da komai ke zuwa da sauƙi. Ruwa ya fara janyewa yana washewa, 'ya'yan kifin da aka ƙyanƙyashe a ciyawa sun tasa, dole su baro fadama su koma kogi ta 'yan hanyoyin da suka rage, manya kuwa suna tsaye a bakin hanyoyin. Duk inda aka ga ƙananan kifaye suna tsalle a firgice, ko tsuntsaye suna shawagi suna sura, a jefa can, a ja da sauri. Wannan shi ne daidai abin da Amurkawa suke yi a Satumba da Oktoba, lokacin da bas ke bin garken ƙananan kifaye zuwa bakin rafuka.

Hunturu yana da fuska biyu. Daren sanyi da busasshiyar iskar arewa maso gabas suna sanyaya saman ruwa har ya yi nauyi ya nutse, hawa-hawan nan ya rushe, ruwan sama da na ƙasa su gauraye. A 'yan kwanakin da hakan ke faruwa ruwa yakan yi duhu-duhu, wani lokaci da ɗan wari, kifi kuma yakan ƙi ci, kuma babu dabarar da ta wuce haƙuri. Bayan ya lafa, oksijin ya kai ko'ina, kifi yana iya zama a kowane zurfi. Sanyinmu bai kai na ƙasashen da ruwa ke daskarewa ba, inda bas yake kwanciya kamar mara lafiya da ruwa ya sauka ƙasa da digiri 10, amma ga kifin ƙasar zafi saukar 'yan digiri ma ta isa ta rage masa kuzari. Sai a juya abin da aka saba a bazara: ba a sammako, ana bari rana ta ɗaga ta ɗumama duwatsun gaɓa, a nemi kifi daga azahar zuwa la'asar sakaliya, a rage girman abin da ake jefawa, a riƙa ja ana tsayawa. Ruwan kuma a wannan lokaci ya yi garau, don haka zare mai kauri da inuwar mutum a kan ruwa da bugun filafili a jikin kwale-kwale duk suna korar kifi. A nan ne launi mai kama da na kifin gaske, fari-fari ko ruwan azurfa, da jifa mai nisa suke amfani. Mai sayen jan kifin roba don zurfi ya sani cewa jan haske ne farkon wanda ruwa ke shanyewa, bayan 'yan mitoci abin nasa baƙi-baƙi kifi ke ganinsa.

Iska ma tana da nata hukuncin, kuma yawancin masu fatsa na gaɓa suna yi mata gurguwar fahimta, domin kowa yana neman inda iska ke bayansa don jifa ta yi nisa. Alhali iska tana tura ƙananan halittun da ke yawo a saman ruwa zuwa gaɓar da take bugawa, ƙananan kifaye su bi su, manya su bi ƙanana, igiyar ruwa kuma ta ƙara iska ta kuma ɓoye mai fatsa. Tunda iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, gaɓar kudu maso yamma ce take karɓar wannan rabo, da damina kuwa akasin haka. Tsayawa ana fuskantar iskar Janairu a bakin ruwa ba daɗi, leɓe na tsagewa, zare na dawowa fuska, amma can abincin yake.

Akwai abin da duk wannan ilimi ba zai gyara ba, wato ruwan da aka riga aka kwashe. Masunta da dama a yankin suna kukan cewa manyan giwan ruwa sun yi wuyar gani, kuma dalilan ba ɓoyayyu ba ne: taru da kalli masu ƙananan ido da ke kwashe kifi tun bai kai ƙwai ba, da masu zuba maganin ƙwari a ruwa, abin da dokar kamun kifi ta cikin ƙasa ta 1992 ta haramta. A giwan ruwa mata ne suka fi girma, don haka ƙaton da ake ɗaukar hoto da shi galibi uwa ce mai ɗauke da ƙwai masu yawan gaske. Amurkawa sun mayar da sakin kifi bayan kamawa al'ada a gasanninsu tun shekarun 1970, amma su wasa suke yi, masuncin Dadin Kowa kuwa abincin gidansa yake nema, kuma ba adalci ba ne a auna su da mudu ɗaya. Wanda ya kamata ya yi wannan tunani shi ne irin ƙanena, mai albashi, wanda ya zo hutun ƙarshen mako.

Mun koma a farkon Nuwamba. Wannan karon mun fara gaida Sarkin Ruwa, aka haɗa mu da wani matashi mai kwale-kwale, wanda kafin mu shiga ya nuna mana ɓangaren da ba a zuwa saboda dorina, domin yankin yana da su kuma ba sa wasa da jirgi. Ya kai mu bakin wani rafi da ke tsiyayowa daga fadama, gari bai gama wayewa ba, ƙananan kifaye suna ta fantsama a saman ruwa kamar ana watsa tsakuwa. A jifa ta huɗu sandar ƙanena ta lanƙwashe, zare ya yi ƙara, wani abu mai walƙiya ya yi tsalle sama da ruwa ya girgiza kai, sai zaren ya dawo sakayau, an yanke shi kamar da reza. Matuƙin ya yi dariya ya ce, "Yallaɓai, wannan tsage ne, ba giwan ruwa ba. In ba ka sa waya a gaban ƙugiya ba, akwatin nan naka ba zai kai azahar ba." Tsage kifi ne mai kaifin haƙora, bas kuwa ba shi da haƙoran da ke yanke zare, shi ya sa babu bidiyon da ya taɓa ambata masa waya. Matuƙin ya warware wata 'yar waya daga tsohon kebul ɗin birkin babur da ke ƙasan jirgin, ya murɗa ta a ƙugiyar da haƙorinsa, ya miƙa masa.